Ciyawar Ado da Ajiyar Kabon a Cikin Ƙasa: Nazari a Kan Filayen Ciyawa na Amurka

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka tayar da zancen ɗumamar yanayi, hankalin jama'a yakan koma ne kan hayaƙin masana'antu da na motoci da kuma sare dazuzzuka. Ba kasafai ake tunawa da ƙasar da ake takawa ba, alhali kuwa ita ce rumbu mafi girma na sinadarin kabon a bisa tudu. Masana sun ƙiyasta cewa daga doron ƙasa zuwa zurfin mita 1 akwai kimanin tan biliyan 1,500 na kabon wanda ya samo asali daga abubuwa masu rai, wato ya kusa ninka wanda ke yawo a cikin iska. Wannan ne ya sa a shekarar 2015, a wajen taron sauyin yanayi na birnin Paris, ƙasar Faransa ta gabatar da wani shiri na ƙara wa ƙasa kabon da kashi 4 cikin 1,000 a kowace shekara.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda ayyukan kula da ciyawar ado da na ƙawata haraba suke shafar wannan ajiya. An zaɓi ƙasar Amurka a matsayin misali domin a can ne al'adar shimfiɗa ciyawa a ƙofar gida ta fi yaɗuwa, kuma a can ne aka fi gudanar da bincike a kanta. Abin da maƙalar za ta nuna shi ne, lalle filin ciyawa yana tara kabon, amma tarin yana da iyaka, yayin da hayaƙin da hidimarsa ke jawowa ba shi da ranar ƙarewa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a tsunduma cikin bayani, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. A nan, ciyawar ado tana nufin ciyawar da aka shuka aka riƙa yanke ta gajere, ba don kiwo ko jinka ba, sai don kyan gani ko wasa. Ƙawata haraba kuwa ta ƙunshi dukkan aikin tsara kewayen gini, kamar share fili da dasa itatuwa da furanni da shimfiɗa tsakuwa. Kabon wani sinadari ne da ke cikin jikin kowane abu mai rai, kuma shi ne baƙin da ake gani a jikin gawayi. Idan ya haɗu da iskar shaƙa sai ya zama iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Tan 1 na kabon yana daidai da tan 3.67 na wannan iska. Daga ƙarshe, an yi amfani da ruɓaɓɓen tsiro a matsayin sunan duk ragowar ganye da saiwa da ƙananan halittu da suka ruɓe suka gauraya da ƙasa. Fiye da rabin nauyinsa kabon ne, kuma shi ke sa ƙasa mai kyau ta yi duhu.

3.0 Asalin Ciyawar Ado da Yaɗuwarta

Ciyawar ado ta fara ne a matsayin alamar wadata a gidajen sarauta da na masu dukiya a Faransa da Ingila. A ƙarni na 18 wani mai tsara lambuna, Lancelot Brown, wanda ya rayu daga 1716 zuwa 1783, ya shahara wajen kewaye manyan gidajen Ingila da faffaɗan filayen ciyawa. A wancan zamani da lauje mai dogon ƙota ake yanke ta, ko kuwa a saki tumaki su kiwace ta, saboda haka sai mai barori da yawa ke iya riƙe ta. Al'amarin ya sauya a 1830 lokacin da Edwin Budding, wani injiniya daga yankin Stroud na Ingila, ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa.

A Amurka, abin ya zama ruwan dare bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka shiga gina unguwannin bayan gari. A Levittown ta jihar Niyok, inda aka gina gidaje sama da 17,000 daga 1947 zuwa 1951, an wajabta wa mazauna su riƙa yanke ciyawarsu sau ɗaya a mako tun daga watan Afrilu har zuwa Nuwamba. A 2005 Cristina Milesi da abokan aikinta suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta cewa ciyawar ado ta mamaye kimanin murabba'in kilomita 164,000 na Amurka. Wannan ya ninka filin kowane amfanin gona da ake yi wa ban ruwa a ƙasar har sau uku. Ke nan ba ƙaramin fili ake magana a kansa ba.

4.0 Yadda Kabon ke Shiga Ƙasa da Yadda Yake Fita

Ganyen ciyawa yana zuƙar iskar kabon dayoksaid, ya sarrafa ta da taimakon hasken rana da ruwa, ya mayar da ita sukari. Wani kaso na wannan sukari yakan gangara zuwa saiwa. Saiwar ciyawa siririya ce mai yawan gaske, kuma kullum wata tana mutuwa wata tana tsirowa. Bugu da ƙari, saiwa tana tsattsafar da wani ruwa mai zaƙi wanda ƙananan halittun ƙasa ke ci. Waɗannan halittu, tare da tana da sauran ƙwari, su ne ke narkar da matacciyar saiwa da ganye. Mafi yawan kabon da suka ci yakan koma iska ta hanyar numfashinsu, amma wani ɗan kaso yakan manne da laka ko ya maƙale a cikin ƙananan hoge, inda zai iya zama shekaru masu yawa.

Ashe ke nan ajiyar kabon ta ƙasa tamkar rumbu ce wanda ake zuba masa hatsi ta sama ana kuma ɗiba ta ƙasa. Idan zubi ya fi ɗiba, rumbu ya ƙaru; idan ɗiba ta fi, ya ragu. Abin lura kuma shi ne, gwargwadon yadda ruɓaɓɓen tsiro ya yawaita, gwargwadon yadda masu cin sa za su yawaita. Saboda haka dole wata rana zubi da ɗiba su zo daidai, tarin ya tsaya. Ciyawar ado tana da wata fa'ida a nan: ba a nome ta kowace shekara kamar gona, kuma tana rufe ƙasa duk tsawon shekara, ta kare ta daga zaizayar ruwa da iska.

5.0 Abin da Bincike Ya Gano

A 2002 Yaling Qian da Ronald Follett suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi na bayanan gwajin ƙasa da aka daɗe ana tarawa a filayen wasan golf 16, mafi yawansu a kewayen Denver da Fort Collins na jihar Kolorado. Sun gano cewa a cikin shekaru 25 zuwa 30 na farko bayan shuka ciyawa, ƙasa tana tara kusan tan 1 na kabon a kowace hekta a shekara. Daga nan sai tarin ya yi sanyi, har ya tsaya bayan kimanin shekara 31 a wasu sassan filayen, shekara 45 a wasu.

Haka kuma, Richard Pouyat da abokan aikinsa sun kwatanta ƙasar gidajen Baltimore da ta Denver. A Denver, inda ruwan sama ba shi da yawa, sun tarar ƙasar da ke ƙarƙashin tsohuwar ciyawar ado ta fi ta dajin gajeruwar ciyawa na yankin yawan kabon, saboda ban ruwa da takin da ake ba ta.

Wani binciken da ya jawo muhawara shi ne na Amy Townsend-Small da Claudia Czimczik na 2010, wanda aka yi a wuraren shaƙatawa huɗu na garin Irvine a jihar Kalifoniya. Sun gano cewa filayen ado da ba a cika taɓa ƙasarsu ba suna tara kabon, amma filayen wasanni, waɗanda ake yawan huda ƙasarsu ana sake dasa musu ciyawa, ba sa tara wani abin kirki. Lissafinsu na farko game da hayaƙin man injuna ya yi yawa, har daga baya aka buga gyara a wannan shekarar. Duk da haka, tambayar da suka tayar ta zauna: ba a auna ribar filin ciyawa da abin da ya shiga ƙasa kawai, sai an cire abin da aka ƙona wajen yi masa hidima.

6.0 Ayyukan Kula da Ciyawa da Tasirinsu

6.1 Yanka

Tsawon saiwar ciyawa yana bin tsawon ganyenta. Idan aka aske ta ƙwal, sai ta karkatar da abincinta wajen fitar da sabon ganye, saiwa ta gajarce, kabon da ke gangarawa ya ragu. Shi ya sa malaman gona na Amurka ke ba da shawarar kada a yanke fiye da sulusin tsawon ganye a lokaci guda. Abu na biyu shi ne makomar abin da aka yanke. Wani lissafi da Qian da abokan aikinta suka yi da kwamfuta a 2003 ya nuna cewa barin yankakkiyar ciyawa a inda ta zuba yana ƙara ajiyar kabon da kashi 11 zuwa 25 cikin 100 a filin da ake bai wa taki mai yawa, kuma ƙarin yana iya kai wa kashi 59 a filin da takinsa bai da yawa. Idan kuwa aka kwashe ta zuwa juji aka binne, sai ta ruɓe ba tare da iska ba, ta fitar da iskar mitan, wadda ta fi kabon dayoksaid ɗumama duniya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa a 2018 an tara sharar lambu tan miliyan 35.4, kuma kimanin tan miliyan 10.5 daga ciki a juji ta ƙare.

Shi kansa injin yanka yana shan fetur, kuma kowace lita 1 da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na kabon dayoksaid. A 2021 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta nufi daina sayar da sababbin ƙananan injunan lambu masu amfani da fetur, ko da yake babban dalilinta shi ne gurɓatar iskar birane.

6.2 Takin Zamani

Takin naitirojin yana sa ciyawa ta yi kore shar, ta yi saurin girma, don haka yana ƙara abin da ke shiga ƙasa. Sai dai yana da illa ta fuska biyu. Ta farko, ana sarrafa shi ne a masana'antu ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar a farkon ƙarni na 20, wadda ke cin iskar gas mai yawa. Ta biyu, idan ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙananan halittu sukan mayar da wani kasonsa iskar naitiros oksaid. Rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa a tsawon shekara 100 kilo 1 na wannan iska yana ɗumama duniya daidai da kilo 273 na kabon dayoksaid.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, akan gauraya irin ciyawar ado da na wani ɗan tsiro mai ganye uku, dangin wake, wanda ke ɗebo naitirojin daga iska ya bai wa ƙasa, kamar dai yadda gyaɗa da wake ke gyara gona. Da magungunan kashe ciyayi masu faɗin ganye suka shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1940, sai aka koma kallon wannan tsiro a matsayin ƙazanta, buhun taki ya maye gurbinsa.

6.3 Ban Ruwa

A wuraren da ke da ƙarancin ruwan sama, ban ruwa shi ne ke sa ciyawa ta tara kabon fiye da dajin da ta maye gurbinsa, kamar yadda aka gani a Denver. Amma ruwan nan sai an jawo shi an tace an tura da wutar lantarki, kuma shi kansa ruwan bai wadata ba. Kimanin kashi 30 cikin 100 na ruwan da gidajen Amurka ke amfani da shi a wajen ɗaki yake tafiya, galibi ga ciyawa da lambu. Tun a 1981 hukumar ruwa ta Denver ta fara yayata tsarin ƙawata haraba da tsirrai masu jure fari. A 2021 kuma jihar Nebada ta yi dokar hana amfani da ruwan kogin Kolorado wajen shayar da ciyawar da ba ta da wani amfani sai ado a yankin Las Vegas, ta ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2026. A nan akwai abin lura. Idan aka cire ciyawa aka zuba tsakuwa zalla, an tsimi ruwa, amma an yanke wa ƙasa abincinta, kuma kabon da ta tara zai riƙa tsiyayewa a hankali. Idan kuwa aka dasa tsirran yankin aka rufe gindinsu da ɓawon itace ko busasshen ganye, ajiyar ba za ta yanke ba.

6.4 Tonon Ƙasa

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Makomar filin ciyawa tana farawa ne tun ranar da aka share wurin gini. Manyan motocin gini sukan kankare ƙasar sama, wadda ita ce mafi yawan ruɓaɓɓen tsiro, su kuma danne ta ƙasa har saiwa ta kasa ratsa ta. Saboda haka wani kaso na kabon da sabuwar ciyawa ke tarawa biyan bashi ne kawai na abin da aka ɓarar a lokacin gini. Haka nan abin da wurin yake a da yana da muhimmanci. Idan tsohuwar gona ce da noma ya gajiyar, ciyawa za ta ƙara mata kabon. Idan kuwa kurmi aka sare, asarar itatuwan ta fi ƙarfin abin da ciyawa za ta mayar. Bayan haka, duk lokacin da aka kafce tsohon fili domin a sabunta shi, hoge yakan farfashe, iska ta shiga, ƙananan halittu su far wa ajiyar da aka yi shekaru ana tarawa.

6.5 Itatuwa da Ganyensu

Itace yana ajiye kabon a gangar jikinsa da rassansa, saiwarsa kuma tana kai shi zurfin da ciyawa ba ta isa. Inuwarsa tana sanyaya ƙasa, ta rage saurin ruɓewa da buƙatar ban ruwa. Ganyen da yake zubarwa abinci ne ga ƙasa, in an bar shi ko an niƙe shi da injin yanka, ko an tara shi ya zama taki an mayar. Harabar da ta haɗa itatuwa da ƙananan tsirrai da ɗan filin ciyawa ta fi wadda take ciyawa zalla riƙe kabon.

7.0 Lissafin Riba da Faɗuwa

Domin a fahimci al'amarin sosai, sai a ɗauki hekta 1 a matsayin misali. A shekarunta na farko, idan tana tara tan 1 na kabon, ta cire kilo 3,670 na kabon dayoksaid daga iska ke nan a shekara. Kafin fetur kaɗai ya cinye wannan riba sai an ƙona kusan lita 1,600. Idan aka zuba mata kilo 150 na naitirojin, aka kuma bi ƙiyasin da masana suka saba amfani da shi, cewa kashi 1 cikin 100 ne ke zama naitiros oksaid, to abin da zai fita ya kai darajar kimanin kilo 640 na kabon dayoksaid, ban da hayaƙin masana'antar taki da na wutar ban ruwa. Wato a wannan mataki filin yana iya zama da riba, musamman idan an taƙaita taki.

Matsalar tana bayyana ne bayan shekara 30 ko 40. A lokacin rumbu ya cika, ba ya karɓar ƙari, amma inji bai daina yanka ba, taki da ruwa ba su daina zuba ba. Daga nan kowace shekara faɗuwa ce, har ta kai ga cinye ribar baya. Tsawon lokacin da hakan zai ɗauka ya danganta ne ga yawan hidimar da ake yi wa filin.

8.0 Alaƙar Batun da Nijeriya

Ciyawar ado ta shigo Nijeriya ne tare da unguwannin Turawan mulkin mallaka, daga nan ta bazu zuwa harabar jami'o'i da ma'aikatu da filayen wasa. Abin sha'awa shi ne, ciyawar da ta fi yawa a filayen kudancin Amurka, wadda suke laƙaba wa sunan tsibirin Bamuda, ita ce Bahaushe ke kira ƙiri-ƙiri. Sai dai ba za a ɗauko alkaluman Kolorado a ɗora wa Kano ko Abuja ba. Zafi yana hanzarta ruɓewa, gara tana kwashe busasshen ganye, kuma rani yana tsayar da girman ciyawa na watanni. Ƙasar arewacin Nijeriya dama ba ta da yawan ruɓaɓɓen tsiro, sau da yawa kabon da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A irin wannan ƙasa, al'adar share ganye ƙal a tara a cinna masa wuta a lokacin hunturu asara ce biyu: kabon ya tashi sama nan take, ƙasa kuma ta kwana da yunwa. Manoman karkarar Kano, waɗanda Michael Mortimore ya yi nazarin nomansu tun daga shekarun 1960, sun daɗe suna jigilar taki da shara daga birni a kan jakuna zuwa gonakinsu, suna noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ya mutu ba. Ƙa'idar da suke bi ita ce dai wadda binciken filayen Amurka ya tabbatar, wato a mayar wa ƙasa abin da aka ɗauke mata.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ciyawar ado tana iya tara kusan tan 1 na kabon a hekta a shekara, na tsawon shekaru talatin ko fiye kaɗan, sa'an nan tarin ya tsaya. An ga cewa barin yankakkiyar ciyawa da ganye a wurin, da ɗaga tsawon yanka, da taƙaita takin zamani da ban ruwa, da guje wa tonon ƙasa, da dasa itatuwa, su ne ke ƙara ajiyar su kuma rage hayaƙin hidima. An kuma ga cewa kwashe shara zuwa juji ko ƙona ta, da yawan taki, da kafce tsohon fili, suna warware abin da aka tara. Bisa ga haka, ba daidai ba ne a ɗauki kowane koren fili a matsayin maganin ɗumamar yanayi, kuma ba daidai ba ne a ɗauke shi a matsayin ɓarna tsantsa. Abin da ya dace ga hukumomin da ke riƙe da manyan harabobi shi ne su bar ciyawa a inda ake zama ko wasa a kanta, sauran wurin kuwa a ba itatuwa da tsirran da suka saba da yanayin yankin.